Na ba dattijo amsar da ban tabbatar ba, ya tafi ban gyara ba

Malamin Islamiyya, Zariya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai yau kusan wata biyu. Na rasa wanda zan faɗa wa, shi ne na ga gara in kawo shi nan.

A unguwarmu akwai wani dattijo ɗan ci-rani, mutumin wajen Tawa ne a Nijar, yana sana'ar ga-ruwa da kura. Wata Talata bayan Magariba muna zaune a dakalin ƙofar masallaci, mu kusan takwas, har da iyayen yara biyu da nake koyarwa. Sai ya jingine kurarsa, ya matso ya durƙusa, ya ce: "Allah gafarta Malam, jiya La'asar ta same ni a bakin famfo, na yi ni kaɗai. Na miƙe ban zauna tahiyar farko ba, kuma da na zo ƙarshe na rikice na ƙara raka'a. Kabli ne a kaina ko ba'adi?"

Wallahi a wannan lokacin hukuncin ya ɓace min. Na san ragi kabli ne, wato sujadar rafkanuwa kafin sallama, ƙari ba'adi, bayan sallama, amma in sun haɗu a salla ɗaya, kaina ya ɗauke. Zuciyata ta ce in ce masa ya bari in duba. To amma idanu na kaina, kuma yanzun nan aka gama kirana Malam. Sai kawai na ji bakina ya ce "ba'adi". Ya ce, "Na gode, Allah ya ƙara sani," ya tashi ya kama kurarsa.

Da dare na ɗauko Ahalari, littafin da na karanta tun ina yaro. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: wanda ya rage kuma ya ƙara, kafin sallama zai yi sujada. Na ce da Asuba zan gyara masa. Da Asuba ya riga ni fita. Da Magariba akwai mutane, na ce sai mun keɓe. Yau, gobe, jibi, har kwana tara. Ran nan aka yi ruwan farko, washegari aka ce min sun kama hanyar gida noma. Ba shi da waya, ni kuma ko sunan ƙauyensu ban taɓa tambaya ba.

Tambayata biyu ce. Ya matsayin sallarsa in ya ci gaba da aiki da abin da na faɗa masa? Sannan me ke sa kalmar "ban sani ba" ta yi wa mutum nauyi haka a baki?

Malam na Zaure, Kano:
Wa alaikumus salam. Malam, fara kwantar da hankalinka a kan ta farko. A mazhabarmu ta Malikiyya, in mutum ya jinkirta kabli ya yi ta bayan sallama, sallarsa ta inganta. Muhtasar na Halilu ya faɗe shi a taƙaice: ta inganta ko an gabatar ko an jinkirtar. Jinkirta kabli da gangan makaruhi ne, amma shi wannan bawan Allah ya tambaya ne aka ba shi amsa, ya yi abin da ke kansa. Sallarsa na nan in sha Allah.

Ta biyun ita ce babba, kuma ba kai kaɗai ba ne. Mu da muke tinƙaho da Imamu Malik, mun ɗauki fikihunsa mun bar wannan halin nasa. Ibnu Abdil Barri ya kawo cewa an yi wa Malik tambaya 48 a gaban wani almajirinsa, ya ce "ban sani ba" a guda 32. Ka lissafa, kashi biyu cikin uku ke nan. Kuma wani mutum ya zo masa ya ce tafiyar wata shida ya yi, mutanen garinsu ne suka aiko shi da mas'ala. Malik ya saurara ya ce bai iya ta ba. Mutumin ya ce to me zan je in ce musu? Ya ce ka ce musu Malik ya ce bai iya ba. Wannan fa malamin Madina ne, mai Muwaɗɗa, wanda ake ɗaure kaya daga Masar da Andalus don a zauna a gabansa. Ya rasu shekara ta 179 bayan hijira, har yau ba a ji wanda ya raina shi saboda waɗannan 32 ɗin ba.

Shi ma gado ya yi. Malaminsa Ibnu Hurmuz ne ya ce ya kamata malami ya gadar wa masu zama gabansa kalmar "ban sani ba", ta zama abin da za su ruga gare shi in an tambaye su abin da ba su sani ba. Mu me muke gadar wa ɗalibanmu? Ni na yi shekaru ina ba da karatu kafin in lura yarana ba su taɓa jin ta daga bakina ba.

Ɗan'uwa daga Jos:
Allah ya saka wa Malam na Zaure. Amma ina neman izini in kawo ɗaya gefen, don kada a tashi daga nan kowa ya kama bakinsa ya ce tawali'u ne. Akwai hadisin Abu Dawuda da Tirmizi: wanda aka tambaye shi wani ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzami na wuta ranar alƙiyama. Na san mutanen da suka yi karatu sosai, amma ka tambaye su hukuncin alwala sai su ce "je ka tambayi malamai". Tsoron a kama su da kuskure ne, ba tsoron Allah ba. Wannan ma girman kai ne, riga kawai ya sauya.

Kuma in masu karatu sun yi shiru, waɗanda ba su yi ba ai ba za su yi shiru ba.

Malam na Zaure, Kano:
Ɗan'uwa, ba mu saɓa ba. Hadisin ya ce wanda ya sani ya ɓoye. Malik ya ce bai sani ba a 32, amma ai ya amsa 16. Abdullahi ɗan Mas'udu ya haɗa mana su biyun a magana ɗaya, tana cikin Buhari da Muslim: wanda ya san abu ya faɗa, wanda bai sani ba ya ce Allah ne mafi sani, domin yana daga cikin ilimi mutum ya ce haka a kan abin da bai sani ba.

Ɗan'uwa daga Jos:
Na yarda. To ga wani abin da ke damuna ya fi wancan. Ita kanta "Allahu a'alamu" mun lalata ta. Mutum zai zauna ya zuba fatawa daga kansa, sakin layi huɗu, ya halatta ya haramta, ya raba aure, sannan ya rufe da "wallahu a'alamu" kamar an buga hatimi. Sahabbai suna faɗinta ne a madadin amsa, su tsaya nan. Mu muna faɗinta bayan mun gama ɓarnar. Ku duba zaurukan WhatsApp da muke ciki, a jefo tambaya a kan saki ko gado, kafin minti biyar amsa goma ta sauka, ko wace da "Allahu a'alamu" a wutsiyarta.

Baba Tela, Katsina:
Salamu alaikum yarana. Ni ba malami ba ne, keken ɗinki na sani. Amma a labarin nan na Malam ni ba "ba'adi" ce ta tsaya min ba, kwana taran nan ne. Kuskuren baki na daƙiƙa ɗaya ne, kowa na yi. Amma "gobe zan gyara", ita ce ta cinye mu.

Shekarata 61 a lissafin boko. Kwanaki jikana ya zauna da wayarsa ya ce, Baba, a lissafin Musulunci ka kusa 63 fa. Na ce ta yaya? Ya ce shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, duk shekara akwai ratar kwana 11, a shekara 33 an samu shekara guda cur. Jikina ya yi sanyi. 63 shekarun Manzon Allah ne, sallallahu alaihi wa sallam, da ya bar duniya. Ni ina nan ina ganin da saura.

Da na zauna na yi tunani sai na ga ai na ga abin da idona ban kula ba. Na yi azumi a tsakiyar bazara wajen 1988 da 1989, ina saurayi, muna jiƙa buhu muna shimfiɗawa a shago mu kwanta a kai bayan Azahar. Azumi ya yi ta matsowa, ya shiga hunturu wajen 1999, ana sahur ana rawar ɗari, ya ratsa kaka, ya faɗa damina wajen 2012. Sai ga shi ya dawo bazara a 2021 da 2022, ya same ni da furfura da ciwon gwiwa. Zagaye guda ke nan ya wuce a kaina. Wanda zai sake dawowa bazara sai bayan wata shekara talatin da wani abu. Waɗanda muka jiƙa buhun nan tare, mu biyar ne a shagon, saura mu biyu.

Malam, ka nemi mutumin nan. Kada ka ce sai sun dawo da rani.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarka ta shige ni. Gaskiya ita ce a kwana taran nan ba dama ce ban samu ba. Na samu. Ina neman lokacin da ba kowa ne, don kada a ji Malam ya yi kuskure. Abin da ya sa na ce "ba'adi" shi ne dai ya hana ni gyarawa.

Hajiya Malama, Maraɗi:
Assalamu alaikum. Malam, Allah ya saka maka da ka fito ka faɗa, ba kowa ke iyawa ba. Ni matan aure nake koyarwa, kuma zan gaya muku abin da na gani: mace za ta zo ta raɗa maka tambaya a kan jini ko idda, tambayar da ta yi wata uku tana jin kunyar yi. Duk abin da ka ce mata, shi za ta riƙe har ta mutu, kuma shi za ta koya wa 'ya'yanta mata. Ba za ta je ta bincika wani wuri ba. Shi ya sa in ban tabbata ba nake cewa, "Yaya, ki ba ni zuwa Asabar." Ba wadda ta taɓa fasa zuwa makaranta saboda haka.

Maganar Baba kuma ta tuna min da Innarmu, Allah ya jiƙanta. Ta iya karatun Ishiriniya da waƙoƙin wa'azi na ajami da ta karɓa daga kakarta, da ka, ba takarda. Kullum ina cewa zan zo da waya in ɗauki muryarta. In na je gida sai hidima, sai baƙi, sai in ce wani zuwan. Ta kwanta ciwo kwana huɗu kacal. Yanzu baiti biyu-uku ne suka rage a kaina, su ma ban tabbata da jerinsu ba. Da na karanta hadisin Abdullahi ɗan Amru, cewa Allah ba ya zare ilimi daga ƙirazan bayi, yana karɓe shi ne ta hanyar karɓar ran malamai, a da manyan shehunnai kawai nake hangowa. Ashe har a ɗakin Inna abin yake.

Ƙarshen hadisin kuma shi ne abin da ɗan'uwa na Jos ke faɗi: mutane su riƙi jahilai shugabanni, a tambaye su, su ba da fatawa ba da sani ba, su ɓata su ɓatar.

Ɗalibin Likitanci, Sakkwato:
Iyayena da malamaina, a gafarce ni in sa baki. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai kuma ya shafi wannan. Ƙarshen Suratu Luƙman ta lissafa abubuwa biyar da ilimin su ke wurin Allah, ciki har da abin da ke cikin mahaifa. To yanzu a asibiti da na'urar hoton ciki muna ganin namiji ne ko mace tun ciki na wata biyar. Wani abokina ya taɓa jefo min wannan, na yi ta kame-kame, na ba shi amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Da na karanta labarin Malam sai na ga ni ma abin da na yi ke nan.

Malam na Zaure, Kano:
Ɗana, madalla da ka tambaya. Ayar ba ta ce "namiji ko mace" ba. Cewa ta yi Yana sanin abin da ke cikin mahaifu, a sake, ba iyaka. Ka koma hadisin Ibnu Mas'udu, na huɗu a Arba'una: bayan kwana 120 ana aiko mala'ika ya busa rai, a umarce shi ya rubuta abu huɗu, arzikinsa, ajalinsa, aikinsa, da ɗan wuta ne ko ɗan aljanna. Na'urarku tana nuna wanne a ciki? Kuma tun kafin a ƙera na'ura malaman tafsiri irin su Ibnu Kasir sun ce in Allah ya riga ya yi umarni da halittar, mala'ikun da aka wakilta suna sani, da wanda Ya so daga bayinsa. Abin da aka riga aka halitta har ya yi siffa, ganinsa ba sanin gaibu ba ne. Kamar ka leƙa ɗaki ne ta taga.

Ɗalibin Likitanci, Sakkwato:
Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Kuma gaskiya aikin kansa yana koya wa mutum. A ɗakin masu jinya na ga dattijon da duk muka cire rai da shi, har an ce 'yan'uwa su matso kusa, bayan mako biyu ya tafi gida da ƙafarsa. A gadon da ke kusa da shi saurayi ne da aka rubuta wa sallama, ya ninke kayansa a leda yana jiran yayansa ya zo da mashin, kafin La'asar ya cika. Babban likitan da ke koya mana, wanda ya fi shekara talatin yana aiki, shi ya fi kowa yawan cewa "ba mu sani ba tukuna, sai mun sake gwaji". Mu 'yan aji huɗu mu ne ba ma rasa amsa.

Manomi, Funtuwa:
Mu ma haka ne a gona. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara, muna saurare a rediyo kuma yana da amfani, don yana taimaka mana wajen zaɓen iri da lokacin shuka. Amma su da kansu hasashe suka kira shi. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin a kan gonarka, ka ji ƙamshin ƙasa, iska ta kwashe shi ya je ya zuba a gonar maƙwabci. Wanda ya yi noma shekara goma ba ya cewa "bana zan samu buhu kaza" ya yi shiru bai ce in Allah ya so ba.

Baba Tela, Katsina:
To a nan ma sai mun yi hattara, kuma da mu teloli nake. Mun mai da "in sha Allah" mafaka. Mutum ya kawo ɗinkin Salla, ka san a ranka ba za ka gama ba, ka ce masa "in sha Allah jibi". Na yi wannan shekaru da yawa, ina neman gafarar Allah. Sunan Allah ne fa kake jinginawa a kan abin da ka san ƙarya ne. Yanzu in ba zan iya ba nakan ce ba zan iya ba, kai wa wani. Na rasa wasu masu kawo ɗinki, amma ina barci.

Malam na Zaure, Kano:
Baba ya taɓo asalin abin. Duk wannan zancen namu yana cikin Suratul Kahfi da muke karantawa kowace Juma'a, wataƙila saurin kai ƙarshe ne ke hana mu gani. Masu sira sun kawo cewa Ƙuraishawa sun yi wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, tambaya uku: samarin kogo, Zulƙarnaini, da ruhi. Ya ce gobe zai ba su amsa, bai ce in Allah ya so ba, wahayi ya yi jinkiri kwanaki har abin ya yi masa nauyi. Sai aya ta 23 da 24 suka sauka: kada ka ce zan aikata abu gobe, sai ka haɗa da in Allah ya so. Ka lura, fiyayyen halitta bai ƙirƙiro amsa ba don mutanen Makka na surutu. Ya jira. Ta ruhi kuma amsar da ta zo a Suratul Isra'i ita ce ruhi na daga al'amarin Ubangijina, kuma ba a ba ku daga ilimi ba sai kaɗan.

Samarin kogon su kansu sun yi shekara 309 suna barci, da suka farka suka ce yini ɗaya ne ko wani yanki na yini. Sai wasunsu suka ce Ubangijinku ne mafi sanin tsawon zamanku, suka bar gardamar, suka aiki ɗaya ya sayo abinci.

Sai Annabi Musa, alaihis salam. Buhari ya kawo cewa yana huɗuba aka tambaye shi wa ya fi kowa sani, ya ce ni. Allah ya yi masa gyara don bai mayar da sanin gare Shi ba, ya tura shi mahaɗar teku biyu wurin Halliru. Abin da ke taɓa ni shi ne yadda ya tafi. Annabi ne, Kalimullahi, mai Attaura, ya ɗauki guzuri ya yi tafiya har ya gaji, ya je ya ce, "Ko in bi ka, ka sanar da ni daga abin da aka sanar da kai?" Suna cikin jirgi ɗan tsuntsu ya sauka a gefe ya tsoma baki a teku, Halliru ya ce masa ilimina da naka, in an gwada da ilimin Allah, kamar abin da tsuntsun nan ya ɗiba ne.

Malam na Zariya, da aka yi wa Annabi Musa gyara, tafiya ya yi.

Ɗan Ci-rani, Ƙonni:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun jiya ban yi magana ba. Ni ma na yi ga-ruwa a Najeriya shekaru kafin in koma tireda. Malam, ba duka suke tafiya ba. Duk masaukin 'yan ga-ruwa akan bar mutum ɗaya ko biyu su tsare kuraye da jarkoki har kaka ta wuce, kuma galibi 'yan gari ɗaya ne ko maƙwabta. Ka je inda suke kwana ka tambaya. Ko shi ba shi da waya, a ƙauyen ba za a rasa mai ita ba, ran kasuwa sukan fito inda akwai sabis.

Kuma in faɗa maka wani abu a matsayina na wanda ya tura kura. Ranar da malami ya aiko min saƙo har gida ya ce na yi kuskure a abin da na gaya maka, ga daidai, wallahi ba zan manta da shi a addu'a ba.

Malamin Islamiyya, Zariya:
'Yan'uwa, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau bayan Asuba na roƙi liman ya ba ni minti biyu. Na miƙe na ce ranar kaza an yi min tambaya a ƙofar masallacin nan, na ba da amsa ba da tabbaci ba, kuma kuskure ce, daidai shi ne kabli. Uku daga cikin waɗanda ke kan dakalin ran nan suna sahu. Ɗaya ya same ni a waje ya ce shi ma tun ranar ya riƙe "ba'adi", har ya faɗa wa matarsa.

Daga nan na wuce masaukin nasu, wani kango ne bayan kasuwa. Kamar yadda ɗan'uwa na Ƙonni ya faɗa, na tarar da yaro ɗaya yana wanke jarkoki. Ya san dattijon, ƙanen kakarsa ne. Ya ce akwai wani yayansa mai waya, ran Lahadi yake fita kasuwa. Na ɗauki saƙon murya a wayar yaron, na yi sallama, na faɗi sunana da masallacin, na maimaita tambayarsa yadda ya yi ta, na faɗi hukuncin, na ce sallolinsa na baya sun yi, na roƙe shi ya yafe min. Yaron ya tura, alama ɗaya ce ta fito tukuna.

Hajiya Malama, Maraɗi:
Allah ya isar da shi. Malam, in ya shiga ka sanar da mu.

Baba Tela, Katsina:
Amin. Ran Lahadi da yamma ka koma wurin yaron da ƙafarka, kada ka jira ya neme ka.